Mai Shukar Da Ba Ya Shuka: Nazarin Zanen Masu Aikin Ƙarfi A Wurin Van Gogh

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1881, wani matashi ɗan ƙasar Holan da ke koyon zane ya nuna wa abokinsa hoton wani manomi da ya zana yana yafa iri a gona. Abokin ya duba, ya ce masa wannan ba mai shuka ba ne, mutum ne kawai da ya tsaya yana kwaikwayon mai shuka. Matashin bai yi musu ba. A wasiƙar da ya rubuta wa abokin a watan Oktoba na wannan shekara, ya yarda cewa maganar gaskiya ce, ya kuma ce sai ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana koyo kafin ya iya zana mai shukar da yake shuka da gaske. Matashin shi ne Vincent van Gogh, abokin kuwa Anthon van Rappard, wanda shi ma mai zane ne.

Wannan maƙala za ta bi sawun Van Gogh daga shekarar 1880 zuwa 1885, wato shekarun da ya duƙufa wajen zana leburori da manoma da masu saƙa, galibi da fensir da baƙin alli. Manufa ita ce a gano abin da ya raba hoton mutumin da ya tsaya riƙe da kayan aiki da hoton mutumin da ke aiki. Tambayar ta shafe mu, mu ɗaliban harshe, domin duk wanda ya taɓa ƙoƙarin siffanta maƙeri ko mai daka a cikin insha'i ko ƙagaggen labari ya ci karo da ita, ko ya sani ko bai sani ba.

2.0 Ma'anar Zanen Fensir

Da farko ya kamata a raba kalmar zane ta wannan darasi da zanen da mata ke ɗaurawa. Rubutunsu ɗaya ne, amma sun bambanta a karin sauti da tsawon wasalin farko. Zanen da muke nufi shi ne jan layi a kan wani abu don fitar da siffa, irin wanda Bahaushe ya sani a jikin ƙwarya da bangon soro. Zanen fensir kuwa shi ne fitar da siffar mutum ko wuri a kan takarda da layi da inuwa kawai, ba tare da launi ba.

Za a iya kasa shi gida uku. Akwai zanen gaggawa, wanda ake yi cikin 'yan mintoci a ƙaramin littafin aljihu don kama wani motsi kafin ya wuce. Akwai zanen nazari, inda mai zane ke sa mutum ya tsaya masa, ya yi ta duban hannu ko kafaɗa ko ƙafa har ya fahimce su. Sai kuma kammalallen zane, wanda aka yi don a nuna ko a sayar. Yawancin abin da za mu duba a nan zanen nazari ne.

2.1 Shi Kansa Fensir

Abin da ke cikin fensir ba dalma ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Wani baƙin ma'adini ne mai laushi da ake kira girafait. A ƙarni na 16 aka gano shi da yawa a Borrowdale da ke arewacin Ingila, aka riƙa yanka shi sanda-sanda ana rubutu da shi. Da yaƙi ya hana Faransa samun na Ingila, sai wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya gano wata dabara a shekarar 1795: a niƙa girafait, a cuɗa shi da yumɓu, a gasa. Idan yumɓun ya yi yawa, fensirin ya yi tauri, layinsa ya yi siriri da haske. Idan ya yi kaɗan, fensirin ya yi laushi, layinsa ya yi baƙi. Wannan ne asalin haruffan H da B da muke gani a jikin fensir har yau. Fensir yana da araha, yana shiga aljihu, ba ya jiran bushewa, kuma ana iya goge kuskurensa. Saboda haka ya dace da wanda zai bi ma'aikaci gona ko bakin titi.

3.0 Matsayin Masu Aiki A Zanen Turai

Ba Van Gogh ne ya fara zana talakawa ba. Tun a ƙarni na 16 Pieter Bruegel ya zana manoma suna girbi da shagalin biki. Sai dai makarantun zane na Turai sun daɗe suna jera ayyuka hawa-hawa. A can sama akwai hotunan tarihi da na addini, sannan hotunan manyan mutane, su kuwa hotunan zaman yau da kullum suna ƙasa da waɗannan.

Wanda ya fi girgiza wannan tsari a idon Van Gogh shi ne Jean-François Millet (1814–1875), ɗan manoma daga yankin Normandi na Faransa. A 1850 ya fitar da hoton “Mai Shuka”, a 1857 kuma ya fitar da “Masu Kala”, inda mata uku ke tsintar abin da ya zube bayan an gama girbi, can bayansu kuwa ga tarin amfanin mai gona. Wasu daga cikin masu hannu da shuni na birnin Faris ba su ji daɗin hoton ba, domin ba a daɗe da juyin juya halin 1848 ba, kuma suna ganin ba matalauta irin wannan girma tamkar tunzura su ne. A nan za a ga cewa zaɓen wanda za a zana ba ƙaramar magana ba ce. Van Gogh ya ɗauki Millet a matsayin uban gidansa a sana'a, duk da cewa ba su taɓa haɗuwa ba.

4.0 Matakan Koyon Van Gogh

4.1 Borinage (1878–1880)

An haifi Van Gogh ranar 30 ga Maris, 1853, a garin Zundert na Holan, mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi aiki a kamfanin sayar da hotuna na Goupil daga 1869 har aka sallame shi a 1876. A ƙarshen 1878 ya tafi Borinage, yankin haƙar kwal a ƙasar Beljiyam, don yin wa'azi ga leburori. A 1879 ya shiga ramin haƙar kwal na Marcasse, mai zurfin kimanin mita 700, ya ga yadda ake aiki a durƙushe ko a kwance cikin ɗan hasken fitila. Ya rabar da tufafinsa da kuɗinsa ga mabukata, amma shugabannin cocin ba su sabunta masa aikin ba bayan wata shida.

A watan Agusta na 1880, yana ɗan shekara 27, ya yanke shawarar zama mai zane. Ƙanensa Theo, wanda ke sana'ar sayar da hotuna a Faris, shi ya ɗauki nauyinsa. Ya fara da kwafar hotunan Millet da darussan zane na Charles Bargue, yana maimaita su. Daga cikin zanensa na wannan lokaci akwai na wasu leburori maza da mata suna tafiya bakin rami da sassafe a cikin dusar ƙanƙara. Tausayin mai zanen a fili yake, amma mutanen sun sandare kamar an yanko su daga kwali an jera. Wannan shi ne darasi na farko: sanin wahalar mutane da tausaya musu bai wadatar ba, sai hannu ya koyi fitar da abin da ido ya gani.

4.2 Etten (1881)

A watan Afrilu na 1881 ya koma gidan iyayensa a ƙauyen Etten, ya fara neman mutanen gari su tsaya ya zana su. A wata wasiƙa ga Theo a watan Satumba, ya lissafa abin da ya yi: mai haƙa da shebur sau biyar a tsayuwa daban-daban, mai shuka sau biyu, yarinya mai shara sau biyu, mace tana feraye dankali, makiyayi ya dogara da sandarsa, da wani tsohon manomi marar lafiya zaune a bakin murhu ya haɗa kai da gwiwa.

Wata matsala da ya yi kuka da ita tana da ban dariya, tana kuma da ilimi. Mutanen ƙauyen ba su yarda a zana su sai cikin tufafinsu na zuwa coci ranar Lahadi, kamar yadda namu ke ɗauko kayan sallah idan mai hoto ya zo. Shi kuwa tsofaffin kayan aiki yake so, domin su ne gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa suka bar wa shaida. Rigar aiki tana ɗauke da tarihin aikin, sabuwar riga kuwa ba ta san komai ba tukuna.

A wannan lokaci ne Rappard ya yi maganar da muka buɗe da ita. Dalilin aibin kuwa a bayyane yake. Wanda aka ce ya ɗaga hannu ya tsaya cik na tsawon lokaci dole ya raba nauyinsa a kan ƙafafu biyu don kada ya faɗi. Mai shuka na gaske tafiya yake yi, nauyinsa na kan ƙafa ɗaya, ƙugunsa na juyawa tare da hannun da ke watsa iri. Van Gogh ya zana abin da ke gabansa daidai, sai dai abin da ke gaban nasa tsayuwa ce, ba shuka ba.

4.3 Birnin Hague (1881–1883)

A ƙarshen Disamba na 1881 ya koma birnin Hague, inda wani sanannen mai zane, Anton Mauve, mijin 'yar'uwarsa, ya koyar da shi na ɗan lokaci. A nan ya shiga unguwannin talakawa da littafinsa: wurin rabon abincin sadaka, ɗakin jiran fasinjojin jirgin ƙasa masu tikiti mai araha, da titunan da leburori ke haƙa. A watan Maris na 1882 wani baffansa mai sayar da hotuna ya ba shi aikin zana wurare 12 na birnin. Maimakon ya tsaya ga wuraren shaƙatawa, sai ya haɗa da irin su tashar jirgin ƙasa da masana'antar iskar gas.

Kayan aikinsa ma abin lura ne. Ya fi son fensirin kafinta, mai faɗi da kauri, a kan siririn fensirin masu zane, domin yana jure dannawa, kuma layinsa na da ƙarfi. Da yake girafait yana ƙyalli idan ya yi yawa, sai ya riƙa zuba madara a kan zanen don ta kashe ƙyallin, baƙin ya zauna. Ya kuma tara hotunan da ake bugawa a mujallun Ingila, musamman The Graphic, wadda ya sayi kundinta 21 a farkon 1883. Masu zane irin su Luke Fildes da Hubert Herkomer da Frank Holl sun cika shafukanta da hotunan marasa galihu na Landan, daga gare su ya koyi yadda baƙi da fari kaɗai ke iya taɓa zuciya.

Mutumin da ya fi yawan zanawa a Hague shi ne Adrianus Zuyderland, wani dattijo ɗan shekara 72 da ke zaune a gidan kula da tsofaffi na coci. Ya zana shi yana shan gahawa, yana cin abinci, yana karatu, yana dogara sanda, ta gaba da ta baya. A watan Nuwamba na 1882 ya zana shi da fensir zaune a kan kujera, gwiwar hannu a kan gwiwa, fuska a cikin dunƙulallun hannuwa. Ba a ganin fuskar ko kaɗan, amma lanƙwasar baya da sanƙon kai da tsofaffin takalma sun faɗi komai. Ya mayar da wannan zane zuwa bugun dutse, wato a zana hoto da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a sa tawada a buga kofe da yawa. Burinsa shi ne a sami hotunan ma'aikata masu araha da ma'aikata za su iya saya su rataya a ɗakunansu. Burin bai cika ba, saboda rashin kuɗi.

A Hague ya ƙware wajen zana wanda ke zaune ko tsaye. Saura mai motsi.

4.4 Nuenen (1883–1885)

A watan Disamba na 1883 ya koma wurin iyayensa, waɗanda a lokacin suke ƙauyen Nuenen. A 1884 ya yi ta shiga ɗakunan masu saƙa yana zana su. A yawancin hotunan, katakon saƙar ya cika ɗaki, masaƙin kuwa ɗan ƙarami ne a tsakiya kamar an kulle shi a keji. A lokacin hunturu ya koma zana kawunan manoma da hannuwansu, ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan shiri ne na babban hotonsa na fenti, “Masu Cin Dankali”, wanda ya gama a watan Mayu na 1885. Mutum biyar ne zaune a ƙarƙashin fitila ɗaya, suna cin dankalin Turawa a akushi ɗaya. Ya shaida wa Theo cewa abin da yake so a gani shi ne hannuwan da ke shiga akushin su ne suka noma ƙasar.

Da Rappard ya ga bugun dutse na hoton, sai ya sake yin suka, wannan karon da zafi. Ya ce hannun wani ya gajarce, jikin wani bai cika ba, hancin wata bai yi kama da hanci ba. Van Gogh ya fusata har ya mayar masa da wasiƙarsa, abotarsu kuma ba ta sake komawa kamar da ba. Amma abin da ya yi bayan haka ya nuna sukar ta shige shi. A bazarar Turai ta 1885, lokacin girbin alkama da tonon dankali, ya fita gonaki ya yi manyan zane-zane kimanin 50 na maza da mata suna haƙa, suna ɗaurin dami, suna kala. Da baƙin alli ya yi yawancinsu, wanda ya fi fensir baƙi da kauri.

Ya kuma canza hanya. A da yakan fara da layin gefe, ya zagaye siffar mutum, sannan ya cike ciki. Yanzu sai ya bi wata dabara da ya karanta ana danganta ta ga Eugène Delacroix: a fara da manyan gaɓoɓi a matsayin dunƙule-dunƙule masu siffar ƙwai, wato ƙirji da ƙugu da cinya, layin gefe ya zo daga baya. Sakamakon haka mutanensa suka sami nauyi. A hotunan mata masu kala, macen ta duƙa har kanta ya yi ƙasa da ƙugunta, ƙafafunta cikin takalman katako sun kafu a ƙasa, hannunta ya miƙa ga zangarniya. Wanda ya duba sai ya ji kamar bayansa ne ke ciwo.

A wata doguwar wasiƙa ga Theo a watan Yuli na 1885, ya bayyana matsayinsa. A ganinsa, makarantun zane suna koyar da mutum mai daidaitattun gaɓoɓi wanda ba ya yin komai, alhali abin da ake bukata shi ne mai haƙa ya yi haƙa. Ya ce ya fi son ya koyi irin karkacewa da ƙarin da za su fi ma'aunin zahiri gaskiya. Ke nan shekara huɗu ya ɗauka, ba ɗaya ko biyun da ya yi zato ba.

A watan Satumba na wannan shekara limamin cocin Katolika na ƙauyen ya hana mabiyansa tsaya masa, a watan Nuwamba kuma ya bar Nuenen. Ya rasu ranar 29 ga Yuli, 1890, yana ɗan shekara 37, ya bar zane-zanen takarda kimanin 1,100. Mafi yawansu suna gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam da na Kröller-Müller da ke Otterlo.

5.0 Yadda Ake Karanta Irin Wannan Zane

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da tambayoyi huɗu da mai nazari zai yi wa duk wani zanen mai aiki.

(a) Ina nauyin jiki yake? Idan ya rabu daidai a kan ƙafafu biyu, mutumin tsaye yake. Idan ya karkata, to akwai motsin da ya gabata da wanda ke tafe.

(b) Yaya hannu ya riƙe kayan aiki? Riƙon gwani daban, riƙon wanda aka danƙa wa abu don a zana shi daban.

(c) Me tufafi ke faɗi? A duba inda suka tattare, inda suka koɗe, da inda aka yi musu faci.

(d) Me aka bari ba a zana ba? Sau da yawa Van Gogh bai zana gona ko sararin sama ba, ya bar takarda fara, don kada ido ya bar jikin mai aikin. A hoton Zuyderland har fuska ya ɓoye.

6.0 Tsokaci

Bai kamata a ɗauki waɗannan zane-zane tamkar hoton kyamara na zaman talakawan Holan ba. Da yawa daga cikinsu a ɗakin aikinsa aka yi su, da mutanen da ya biya suka tsaya masa. Ya tara tsofaffin tufafi yana sa musu. Zuyderland, wanda ke zaune a gidan tsofaffi, ya fito a wasu hotunan da shebur a hannu, a wasu kuma da hular masunta. Haka kuma Van Gogh ɗan limami ne mai ilimi, ba manomi ba, kuma ya zo da tunaninsa na yadda manomi ya kamata ya kasance. Shi ya sa ya ƙara wa fuskokin “Masu Cin Dankali” kaushi da gangan. Ana iya tambaya: da an nemi ra'ayin mutanen, haka za su so a nuna su? Ai mun ga mutanen Etten kayan Lahadinsu suka so sawa, kuma suna da hujjarsu, domin kowa yana son a gan shi cikin mutuncinsa.

Wannan bai rage darajar aikin ba, amma yana tunatar da mu cewa mai siffanta talaka yana da iko a kansa. Yana iya girmama shi, yana kuma iya mayar da shi abin kallo. Abin da ya kuɓutar da mafi kyawun zanen Van Gogh shi ne ya nuna mutanen a matsayin gwanayen abin da suke yi, ba abin tausayi kawai ba.

7.0 Darasi Ga Ɗalibin Harshe

Abin da layi yake ga mai zane, shi aikatau yake ga marubuci. A duba wannan jimla: “Wani dattijo talaka abin tausayi yana aiki tuƙuru a gonarsa.” Nahawunta daidai ne, amma dattijon tsaye yake kamar mai shukar 1881. An gaya mana yadda za mu ji, ba a nuna mana komai ba. A kwatanta ta da wannan: “Ya ware ƙafafu, ya ranƙwafa har rigarsa ta tattare a ƙugu, ya kafta garma, ya kifar da ƙasar a kan kunya, sannan ya matsa gaba taki ɗaya.” A nan babu kalmar tausayi ko ɗaya, amma an ga nauyi, an ga kayan aiki, an ga tufa.

Hausa ba ta da talauci a wannan fanni. Inda rago zai ce “ɗauka”, akwai saɓa da goya da rataya da rungume da tallabe da kinkima, kowace da gaɓar jikin da take nunawa. Inda zai ce “duƙa”, akwai sunkuya da ranƙwafa da tsuguna da durƙusa da gurfana. Mace a bakin turmi tana iya yin sussuka ko surfe ko kirɓi, kuma abin da ke cikin turmin da irin bugun taɓaryar ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce “tana daka” kawai ya zana layin gefe ne ya bar ciki fayau. Waɗannan kalmomi ba a ƙamus kaɗai ake samun su ba, a bakin masu sana'ar suke, kuma ɗalibin da ke karatu nesa da ƙasar Hausa ya fi kowa bukatar ya je ya nemo su.

8.0 Aikin Gwaji

1. Ka je kasuwa ko tashar mota ko unguwar Hausawa mafi kusa, ka zaɓi mai sana'a ɗaya: ɗan dako, ko mai shayi, ko baduku, ko mai yankan farce. Ka gaishe shi, ka nemi izninsa, ka kalle shi yana aiki na minti 15 ba tare da ka ce ya tsaya maka ba.

2. Ka rubuta jimloli biyar da ke nuna aikin, ba tare da ka yi amfani da kalmomi irin su “talaka” ko “wahala” ko “ƙoƙari” ba. Wanda ke sha'awa yana iya haɗawa da zanen fensir, wanda ba ya so kuma kalmomi sun ishe shi.

3. Ka tambaye shi sunan kowane kayan aiki da kowane mataki na aikin, ka gyara kalmominka da nasa.

4. Ka karanta masa abin da ka rubuta, ka ji ko ya gane kansa a ciki.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi Van Gogh daga Borinage, inda yake da tausayi ba shi da hannu, zuwa Etten, inda ya zana tsayuwa a maimakon shuka, zuwa Hague, inda ya iya zana mai zama, har zuwa Nuenen, inda mutanensa suka fara aiki a kan takarda. An ga cewa abin da ya kawo canjin shi ne yawan kallo, da maimaitawa, da amfani da suka ko da ta yi ɗaci. An kuma ga cewa mai siffanta ma'aikaci yana ɗauke da amanar mutuncinsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Saboda haka, kafin ɗalibi ya miƙa rubutunsa na gaba, yana da kyau ya yi wa kansa tambayar Rappard: wannan manomin da na rubuta, noma yake yi, ko kuwa tsayawa ya yi riƙe da fartanya?